A Gyara Aikin Keke Kada Ya Binne Saƙar Gida

Duk wanda ya ratsa layukan teloli na Fagge a Kano, ko ya shiga lungunan Birnin Zariya ana saura 'yan kwanaki Salla, zai ji ƙarar kekunan aiki tana tashi daga shaguna ba dare ba rana. Aikin gaban riga wanda a da yakan ɗauki maɗinki wata da watanni yana sunkuye a zaure, yanzu inji mai kwamfuta yana gama shi tsakanin hantsi da la'asar. Wannan ci gaba ne, babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Amma akwai wata ɓarna da ke tafe tare da shi a ɓoye, wadda ya kamata hukumomi da masu sana'a su duba tun ba ta yi nisa ba, watau yadda ake lalata tufafi masu kauri da masu gashi da masu kaushi a ƙarƙashin allurar inji, saboda rashin sanin yadda ake bi da su.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ta tela da mai riga, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. To, amma in aka lura za a ga ta shafi masaƙin ƙauye wanda abincinsa ke rataye da saƙi da tsamiya, ta shafi matan aure masu aikin hannu a cikin gidajensu, ta shafi baitulmalin Gwamnati wanda daga cikinsa ake biyan kwangilar rigunan sanyi na 'yan makaranta da tawul da barguna na asibitoci, ta kuma shafi ɗimbin samarin da suka kama wannan sana'a don neman halaliyarsu. Abin da ya haɗa waɗannan duka ya wuce a kira shi ƙarami.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga sana'ar tufafi. Lokacin da Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Kano a shekarar 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara guda sun kai aƙalla na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Tarabulus. Riga guda kuwa ba hannu ɗaya ke yin ta ba. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, marini ya tsoma a karofi, maɗinki ya harhaɗa, mai zayyana ya zana aska biyu ko aska takwas da tambari, mai aiki ya bi zanen da allura, sa'an nan mabugi ya buge ta a kan gungume har ta kwanta ta yi sheƙi. Kowane daga cikinsu ya san halin ƙyallen da ke hannunsa, domin yatsunsa suna jin inda zare ya yi kauri da inda ya yi sako-sako.

Darajar wannan aiki ta sa masana suka ba shi muhimmanci. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekaru yana nazarin ɗinkin Hausa, kuma ta dalilinsa aka baje kolin kayan fasahar Hausawa a birnin London a shekarar 1976. A Birnin Zariya kuwa, sa'ad da maza da yawa suka koma ga aikin keke, mata ne suka ɗauki aikin hannu na manyan riguna suka riƙe, ya zama musu hanyar samun kuɗin kashewa da na gara da na makarantar 'ya'ya.

Shi kansa injin aiki yana da nasa tarihi. A shekarar 1828 wani mutumin Faransa mai suna Josué Heilmann ya ƙera inji mai jan allurai da yawa a lokaci guda. A 1863 Isaak Gröbli na ƙasar Suwizalan ya fito da wanda ke aiki da ƙoshiya, mai zare biyu, na sama da na ƙasa. A cikin waɗannan shekaru na 1860 aka ƙago keken sarƙa, wanda ya yi suna da sunan kamfanin Cornely, har ya bazu a shagunan teloli na Afirka ta Yamma. Kamfanin Tajima na Japan ya soma yin inji mai kawuna da yawa a 1964, daga wajen 1980 kuma kwamfuta ta karɓi aikin sarrafa zane. A nan gida, bayan keken Cornely da keken Singer samfurin 20U, waɗanda tela ke juya ƙyalle ko hannun keke da kansa, yanzu an shiga zamanin injin da teloli ke kira monogiram, wanda ake ɗora masa zane daga kwamfuta, ya yi ta suka shi kaɗai har ya gama.

A nan ne gizo yake saƙar. Yawancin zanen da ke yawo a hannun masu waɗannan injuna an shirya shi ne don shadda, irin ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya da masu kwaikwayonta daga ƙasar Sin. Shadda kuwa ƙyalle ce mai santsi, mai saƙa a matse, wadda faɗinta da tsawonta ba sa motsi. Tana haƙuri da kuskuren mai aiki. Amma da zarar an ɗauki wannan zane, da wannan allura, da wannan gudu na inji, aka ɗora a kan saƙi ko karammiski ko tawul, sai labari ya sha bamban. Inji ba shi da yatsun da za su gaya masa ƙyalle ya sake. Abin da aka umurce shi da shi, shi zai yi, ko da zai yaga rigar.

Tufafin da wannan matsala ta fi shafa kashi uku ne. Na farko shi ne saƙar hannu ta gida, watau saƙi da barage da tsamiya da luru da gwado. Saƙar maza sirara ce, daga mai faɗin yatsa zuwa mai faɗin tafin hannu ko fiye, ana haɗa ta gefe da gefe, saboda haka kowane ɗan taki akwai ɗinkin haɗi mai tudu. Zaren kaɗin hannu kuma ba ya tafiya daidai, wani wuri abawa ce mai kauri, wani wuri siriri. In aka cika suka a wuri guda, allura tana tsinka zaren saƙar maimakon ta ratsa tsakaninsa, aikin ya yi tauri kamar fata, gefensa ya tattare. A wankin farko saƙar auduga takan tsuke, zaren inji kuwa ba ya tsukewa, sai gaban rigar ya yi ƙulu-ƙulu, babu gugar da za ta miƙe shi. In kuma rigar mai shuni ce, farin zare yakan kwashi launin ya yi dabbare-dabbare.

Kashi na biyu shi ne masu gashi, kamar karammiski da mulufi da ake yin alkyabba da jalala da sauran kayan adon doki da su, da tawul da bargo da darduma. A kan waɗannan, zaren aiki nutsewa yake yi cikin gashin kamar ƙafa cikin rairayi. Siraran layuka su ɓace, ƙananan haruffa su zama ba a iya karanta su, gashin ya riƙa leƙowa ta tsakanin ɗinki. Zoben da ake matse ƙyalle a cikinsa kuwa yakan bar wa karammiski tabo mai da'ira wanda ba ya gogewa har abada. A kan tawul, ƙafar keke takan kama madaukan zaren ta fizge su.

Kashi na uku shi ne masu talewa, watau rigunan sanyi na ulu da makamantansu, waɗanda makarantu da ma'aikatu ke sa wa tambari in hunturu ya kusa. Waɗannan zare ɗaya ne aka sarƙe, in allura mai kaifi ta tsinka shi a wuri guda sai ya riƙa warwarewa. In kuma an ja rigar da ƙarfi wajen sa ta a zobe, da an cire ta sai ta koma yadda take, tambarin ya tattare a ƙirjin yaro kamar busasshen ganye.

Abin takaicin shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ba shi da magani, kuma maganin ba boyayye ba ne ga waɗanda suka koyi sana'ar bisa ƙa'ida. Na farko shi ne shimfiɗar ƙasa, wadda ake sa wa a bayan ƙyalle don ta riƙe shi. Iri-iri ce: akwai wadda ake yagewa bayan an gama, ta dace da abin da ake ganin bayansa kamar tawul, akwai wadda ake yanke gefenta a bar sauran a jiki, ita ce tilas ga rigar sanyi da saƙa mai sako-sako. Na biyu shi ne wata leda ta musamman mai narkewa a ruwa, wadda ake shimfiɗa wa a saman ƙyalle mai gashi, ta danne gashin har ɗinki ya hau kansa. Na uku shi ne ɗinkin tushe, watau sukar da inji ke fara yi a warwatse kafin ɗinkin ado ya biyo baya, kamar yadda magini ke zuba harsashi kafin ya tada bango. A kan tawul da bargo har akan fara yin wata shimfiɗa ta ɗinki mara nauyi, da zare mai launin ƙyallen, don ta kwantar da gashin wurin gaba ɗaya.

Allura ma ba a yi mata kuɗin goro. Mai lamba 75 ita aka saba sawa a shadda, amma ƙyalle mai kauri yana bukatar mai lamba 90 ko fiye, rigar sanyi kuma tana bukatar mai dunƙulallen baki wadda ke ture zare gefe ba ta tsinka shi ba. Haka zare: wanda aka fi amfani da shi shi ne mai lamba 40, kuma iri biyu ne. Na rayon ya fi sheƙi, amma ba ya jure maganin wanki mai ƙone launi, saboda haka bai dace da kayan asibiti ba. Na foliyesta yana jure wanki, amma dutsen guga mai zafi ƙwarai yana iya narkar da shi. Sa'an nan akwai ɗaga ƙafar keke daidai da kaurin ƙyalle, da sassauta tsaurin zare, da share gashin da ke taruwa a gidan kwarkwaro. Karammiski kuwa ba a matse shi a zobe. Shimfiɗar ƙasa ake ɗaurewa, a ɗora shi a kanta a kafe. Saƙar hannu a wanke ta ta gama tsukewa kafin allura ta taɓa ta.

Uwa uba kuma shi ne zanen kansa. A kan shadda akan bar tazarar kimanin kashi huɗu cikin goma na milimita tsakanin suka da suka. A kan saƙi tilas a buɗa wannan tazara, a rage yawan suka, a kuma tsara zanen yadda nauyinsa ba zai faɗa kan ɗinkin haɗi ba. A kan mai gashi tilas a faɗaɗa layuka a girmama haruffa, domin harafin da bai kai milimita 5 ko 6 ba ko a shadda da ƙyar yake fita, balle a tawul. Watau kowane ƙyalle da irin zanensa. Wanda ya ɗauki zane guda ya ce zai yi masa aiki a kan kome, ya yi kama da mai magani guda na kowace cuta.

To, in maganin sananne ne, me ya hana a yi amfani da shi? Dalili na farko lissafi ne. A ɗauka zanen gaban riga yana da suka 100,000. In inji yana gudun suka 800 a minti, zai gama cikin minti 125, watau sa'a biyu da minti biyar. In aka rage gudun zuwa 500, kamar yadda ƙyalle mai kauri ke bukata, sai ya ci minti 200, watau sa'a uku da minti ashirin. Mai shago wanda ke biyan kuɗin man janareta, ga kayan Salla jibge a gabansa, kuma kuɗin aikin bai bambanta tsakanin shadda da saƙi ba, da wuya ya yarda ya yi hasarar sa'a guda da kwata a kan kowace riga. Dalili na biyu shi ne kayan aikin, musamman ledar nan mai narkewa, daga waje ake kawo su, suna da tsada, ba kuma ko'ina ake samunsu ba. Shi ya sa wasu ke cusa tsohuwar jarida ko ledar kasuwa, wadda ba ta narkewa, sai ta maƙale a ƙarƙashin ɗinki. Dalili na uku, wanda ya fi duka, shi ne rashin koyarwa. Yaro yakan koyi danna maɓalli cikin mako biyu, ya karɓi zane ta wayar hannu daga abokinsa, shi ke nan ya zama mai aiki. Yadda ake tsara zane, da sanin halin ƙyalle, babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa, domin sau da yawa maigidan nasa ma bai sani ba.

Wanda ya fi kowa cutuwa da wannan hali shi ne masaƙi. Mutum ya tara kuɗi ya sayi saƙi ko tsamiya mai tsada, ya kai aiki, rigar ta dawo a tattare, ba zai zargi inji ba. Cewa zai yi saƙar gida ba ta karɓar aiki, badi sai ya sayi shadda. Tela shi ma, don gudun rigima, yakan shawarci mai riga da ya bar saƙi. Da haka kasuwar masaƙan Minjibir da Kura da sauran garuruwa take ƙara tsukewa, a kan laifin da ba nasu ba. Wannan kuwa yana faruwa ne bayan manyan masaƙun zamani sun riga sun durƙushe. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. United Nigerian Textiles ta tsayar da aikinta na Kaduna a 2007. Ƙasar da ta yi irin wannan hasara bai kamata ta zuba ido saƙar hannun da ta rage mata ta bi sahu ba.

Sai kuma dukiyar jama'a. A watan Mayu na 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya sa hannu a kan umurni mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatun Gwamnatin Tarayya su kashe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayen wasu kayayyaki, har da kayan sarki da takalma, a kan waɗanda aka yi a gida. Niyyar tana da kyau. Amma in takardar kwangila ta ce kawai a sa tambari a rigunan sanyi kaza, ba ta faɗi irin zare da irin shimfiɗa ba, ba ta kuma nemi a gwada samfur a wanki ba, ɗan kwangila zai kawo mafi araha, akawun sito ya ƙirga ya sa hannu, kafin ƙarshen zango tambarin ya warware. Daga nan sai a ce kayan gida ba su da inganci, a sake fitar da kuɗi. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma martabar al'ada. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Salla na Kano a cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Abin da ke ƙawata hawan daba kuwa, bayan dawakin kansu, shi ne alkyabba da manyan riguna da jalala da sauran kayan ado, waɗanda akasarinsu a kan karammiski da mulufi da saƙar hannu ake yi musu aiki. In aka wayi gari waɗannan kaya sun koma tarkacen da ke zubewa bayan hawa ɗaya, sunan da aka samu ba zai daɗe ba.

Wasu masu kishin gargajiya suna ganin mafita ita ce a nisanta inji daga saƙar gida gaba ɗaya, a bar ta ga masu aikin hannu. Kishinsu abin yabo ne, amma shawarar ba za ta kai ko'ina ba. Malum-malum na hannu sai mai hali, domin watanni take ci. Ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi, waɗanda su ne mafi yawan masu saye, in ba a ba su saƙi mai aikin keke da za su iya biya ba, shadda za su saya, masaƙi ya tashi a tutar babu. Wasu kuma suna cewa a bar kasuwa ta yi halinta, mai aiki mara kyau zai rasa masu zuwa. Wannan ma da sauran magana, domin kasuwa ba ta hukunta mai laifi in mai saye bai san wane ne mai laifin ba. Kafin gaskiya ta bayyana, masaƙi ya riga ya jingine allera ya tafi birni neman acaba.

Saboda haka ga abubuwan da ya wajaba a yi. Na farko, Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedkwata a Kaduna, tare da Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, su sa aikin keke mai kwamfuta a matsayin darasi mai zaman kansa, wanda ya ƙunshi tsara zane da sanin halin ƙyalle, ba danna maɓalli kaɗai ba. Kada a ba kowa takardar shaida sai ya nuna aikinsa a kan saƙi da karammiski da tawul da rigar sanyi, an wanke an gani. A kuma buɗe ajin yamma na 'yan makonni don telolin da ke kan aiki, a koyar da Hausa, domin da yawansu ba su yi nisa a boko ba.

Na biyu, Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, waɗanda ke da sassan nazarin tufafi da zane, su haɗa kai da Gidan Makama na Kano da tsofaffin masu zayyana na Zariya da Kano da Bida, a tattara zane-zanen gargajiya da sunayensu tun masu su suna da rai. Sa'an nan a shirya su don inji, a gwada su a kan saƙar gida, a ba ƙungiyoyin teloli a farashi mai sauƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya, har da tufafi. Amma abin da ba a rubuta aka adana ba, da wuya a kare shi.

Na uku, ma'aikatun ilimi da na lafiya na Jihohi, da Ƙananan Hukumomi, su gyara takardun kwangilarsu. A rubuta irin zaren da ake so, da irin shimfiɗar baya, da girman haruffa. A karɓi samfur a wanke shi sau da yawa kafin a ba da izinin ci gaba da aiki, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har kayan su yi zango guda a jikin masu su. Wannan ba ya bukatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi, jami'i mai lura kawai yake bukata.

Na huɗu, a sauƙaƙa samun kayan aiki. Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da ke Zariya tana iya duba yiwuwar yin ledar nan mai narkewa da shimfiɗar baya a gida. Kafin wannan ya tabbata, ƙungiyoyin teloli su riƙa haɗa kuɗi suna saye da yawa suna rabawa, Bankin Masana'antu kuma ya ba irin waɗannan ƙungiyoyi rance mai sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, a tsare gaskiya a ciniki. Ƙungiyoyin masu sana'a, da taimakon Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, su fito da alamar da za ta bambanta aikin hannu da aikin keke, don kada a sayar da na inji da sunan na hannu a danne haƙƙin matan da suka kwana suna suka da allura. Haka nan teloli su raba farashi: aikin saƙi da karammiski ya fi na shadda cin lokaci, ya kamata kuɗinsa ya fi, a gaya wa mai riga dalili. Mutumin da ya sayi tsamiya da tsada ba zai ƙi ƙara 'yan kuɗi don a tsare masa ita ba.

Ga ɗalibai kuwa, musamman waɗanda suka iya kwamfuta suke zaune suna jiran aikin ofis, ga fili nan a buɗe. Masu injuna sun yi yawa, amma masu tsara zane bisa halin ƙyalle ƙalilan ne. Saurayi ko budurwar da ta haɗa sanin kwamfuta da zama a gaban tsohon mai zayyana, ta koyi dalilin da ya sa aska take inda take da yadda saƙi ke tsukewa, ba za ta rasa abin yi ba. Ma'aikatan Gwamnati su ma suna da nasu rabo, domin su ne masu rubuta kwangila, su ne kuma masu sa manyan riguna ranar Juma'a da ranar biki. In suka nemi saƙar gida, suka kuma nace a yi mata aiki mai kyau, tela zai koya, masaƙi zai samu kasuwa.

Kakannin wannan al'umma sun karɓi alharini da karammiski da mulufi daga fatake, suka sarrafa su har suka zama nasu. Injin aiki ma baƙo ne irin waɗannan, kuma babu abin da zai hana a hore shi ya yi wa saƙar gida hidima, in dai an tashi tsaye tun masaƙa da masu zayyana suna nan da ransu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa waɗanda abin ya shafa su ji, su kuma aikata.